Sunanta Briskila

Talata, 5 ga Nuwamba 2024

Da la'asar wata yarinya ta yi sallama a ƙofar gida, siririya, da hijabi ruwan toka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Inna, Balkisu na nan?" Na ce babu Balkisu a gidan nan, gwada gidan gaba. Ta ce a'a, nan ne, gidan mai gyaran injin ban ruwa. Ina cikin ce mata ta yi ɓatan kai sai ga Briskila ta fito daga ɗaki a guje. Ta gan ni, ta tsaya cak.

Ɗiyata. Ita kaɗai Ubangiji ya bar mini cikin ukun da na haifa.

Na sallami yarinyar, Hasiya sunanta, ɗiyar wani masunci ce a bakin tafki. Na zaunar da Briskila a tabarma. Da ƙyar, da kuka da majina, na tatsi maganar. Tun bara da muka taso daga Danja saboda aikin babanta, yaran ajinsu suka hana ta moɗar randa. In ta sha, wata ta ɗauraye moɗar tana yatsine fuska. Suna ce mata arniya. Sai ta koma Balkisu. A gindin dogon yaron da ke kwanar kasuwa take sa hijabin aro da safe, ta tuɓe in an tashi. Har mushensu, malamin ajin, ma Balkisu yake kiranta.

Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na ƙarshe: ta ce musu babanta kaɗai ne kirista, ita da uwarta musulmi ne. Ni, Tabita. Ni da aka hana ubana gadon gona don ya bi Yesu, ya mutu yana noman ƙodago bai taɓa nadama ba.

Na ce me ya hana ki gaya mini? Ta ce, "Mama, ai ba ke ke zama a ajin ba."

Ban doke ta ba. Na rubuta nan don in tuna ban doke ta ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ba ta je lakwal ba, makarantar bokon tasu. Ba kuma za ta sake zuwa ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Babanta Filibus ya dawo daga lambunan bakin tafki hannunsa duk baƙin mai, bai ko wanke ba muka fara. Wai aji shida take, bana ce jarrabawar shiga kolej, wai yarinya ce, tsoro ta ji. Wai shi ma in yana aiki a lambun alhazai ba ya yawo da gicciye a goshi. Na ce amma ka taɓa ce musu sunanka Habibu? 

Ya ce, "To wa zai koya mata?" Har ya manta wadda ya aura. Shekara huɗu ina riƙe da aji a ƙauye kafin ya kawo kayan aurena, yara sun fi saba'in a rumfar kara, babu benci, babu littafi. Yarinya ɗaya ce za ta gagare ni?

Ya ce ba karatun yake ji ba. Na ce to me kake ji? Ya tashi ya ɗauki bokiti.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Mun fara. Murfin wani tsohon firji ne allonmu, Filibus ya shafa masa baƙin fenti jiya bayan sujadar majami'a. Yana shafawa yana ƙunƙuni, amma ya shafa. Na jingina shi a ƙarƙashin rumfa. Addu'a tukuna, sai ayar haddacewa, sai lissafi da Faransanci har rana ta take. Bayan abinci Maganar Allah.

A saman allon na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, na ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta. Na ce ƙara. Na ce ƙara, har maƙwabta su ji. Akuyarmu ce kawai ta ɗaga kai.

Kanta na ja, ban san ta kai haka a rabawa ba. Na ba ta wanda ni kaina sai da na sake dubawa, ta gama ta ajiye alli tana jira na.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Mushe Bashir, malamin ajinsu, ya zo da kansa a kan moto, ɗan babur ɗinsa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa. Na tsaya ina kallo in ga ko zai sha. Ya shanye, har ya ce a ƙara. To, wannan dai na ba shi.

Ya ce, "Madam, yarinyar nan ita ce ta ɗaya a lissafi. In ba a kai takardunta kafin ƙarshen Janairu ba, ta rasa jarrabawar bana." Na ce wace yarinya? Ya ce Balk, ya tsaya, ya gyara. Na ce ka ji ko. Shekara guda kana kiran ɗiyar mutane da sunan da ba ubanta ne ya raɗa mata ba, bai taɓa zo maka ka aiko a tambaye mu ba?

Ya ce ita ce ta roƙe shi, ya ga abin ya kawo mata sauƙi. Ya ce zancen randa bai sani ba, da ya sani da ya hana, kuma zai tara yaran ya yi musu magana. Na ce magana ba ta wanke abin da ke cikin zuciya. Ya ce zaman gida ma ba ya wankewa.

Da zai tafi ya ce lakwal ta gwamnati ce, ba ta addinin kowa ba. Na ce haka aka rubuta a takarda.

Briskila na bayan labule duk tsawon zancen, na ga yatsun ƙafarta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hasiya kuma. Da kayyen aji a hannu, littafin rubutunta, wai ta kawo mata abin da aka yi ta kwafa. Na ce mun gode, muna da namu. Ta ce ko gaisawa su yi. Na ce tana karatu.

Ba ƙin yarinyar nake ba. Amma hijabin wa aka ara?

Talata, 10 ga Disamba

Yau na kai ta labarin manzon nan da ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta, da wata baiwa ta tambaye shi, kafin zakara ya yi cara. Da gangan na zaɓa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na sa ta karanta, na sa ta maimaita, na ce to me kika koya?

Ta ce, "Kada mu yi musun Ubangiji a gaban mutane."

Daidai. Kalma da kalma abin da nake so ta faɗa. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, Mama. Na ce ba ki da tambaya? A da Briskila sai ta ishe ka da tambaya, me ya sa kaza ba ta fitsari, wa ya auri 'ya'yan mutum na farko, in kifi ya mutu ina yake zuwa. Ta ce ba ta da.

Gajiya ce. Sanyi ya shigo, kowa jikinsa a mace yake.

Asabar, 14 ga Disamba

Filibus ya ce ya daina jin waƙarta in tana wanke-wanke. Na ce girma ne.

Alhamis, 26 ga Disamba

Jiya Kirsimeti. Bari in rubuta, don ranar nan tawa ce.

Majami'armu ɗaki ɗaya ne na laka da rufin kwano, in mun cika ba mu wuce gida tara ba, yawanci ma'aikata ne da aka turo daga wani wuri. Bayan waƙar mata Fasto Iliya ya ce akwai mai abin da zai miƙa? Na taɓa kafaɗarta. Ta tashi da sabuwar atamfarta, ta tsaya a gaba, ta zuba labarin haihuwar Almasihu da ka, sura guda cur, babu tuntuɓe. Ta maimaita rabinta da Faransanci. Matar jandarma ta yi guɗa. Wanda ke aiki a asibiti ya ce wa 'ya'yansa, kun ga ɗiyar mutane?

Masu cewa na kashe wa yarinya gaba, ina suke? Su zo su gani.

Mun raba shinkafa da nama gidajen maƙwabta kamar kullum. Wasu sun karɓa, wasu sun ce an gode, suna da shi. Ba sabon abu ba ne.

Filibus ne ya so ya ɓata mini rana. Muna hanyar gida, ita tana gaba da kwanuka, ya ce a hankali, "Kin kalli idonta kuwa? Kamar rediyo aka kunna." Na ce rediyon da ke faɗin Maganar Allah ya fi bakin da ke musunta. 

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Sai na rubuta wannan.

Fasto ya sanar za a yi baftisma a Ista, masu so su tsaya bayan sujada. Na tsaya da Briskila. Ya dube ta, ya yi mata tambayoyin koyarwa, ta amsa duka, wasu ma kafin ya rufe baki. Sai ya ajiye littafinsa, ya ce, "Briskila, ke kina so a yi miki?"

Ta kalle ni.

Ya ce, "Ba Mamanki na tambaya ba."

Ta ce, "Duk abin da Mama ta ce."

Ya aike ta ta kai wa matarsa kujeru ciki. Da ta fita ya ce, "Tabita, na ji an yi miki baftisma a Danja tun kina budurwa. Ba zan yi miki ta biyu ba."

Na ce Baba Fasto, ban gane ba. Ya ce na gane. Ya ce yarinyar ta san amsoshi fiye da dattawan majami'a, amma bai ji muryarta ba ko sau ɗaya, tawa yake ji. A bari sai ta zo da ƙafarta.

Na ce ƙafarta ai mun ga inda ta kai ta bara. Na ce shi 'ya'yansa suna Maradi a makarantar mishan, da katanga da mai gadi, shi ya sa bakinsa ke da sauƙi. Ban kamata in faɗi wannan ba wataƙila. Amma gaskiya ce.

Tsoho ne, ya tsufa. Akwai fastoci a Maradi, akwai ruwa a Maradi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na je sujada, don ba Fasto nake bauta wa ba. Zumuntar mata kam ban tsaya ba.

Talata, 21 ga Janairu

Uwar Hasiya ta zo. Hajara. Da tsohon ciki, tana tafe tana haki, da busasshen kifi a leda. Ban taɓa ganinta ba sai yau. Fara'a gare ta, irin matan nan da ke shiga gidanka kamar tare kuka girma. Ta zauna a kan turmi don ta ce in ta kai ƙasa sai an kira masu jan kwale-kwale su tashe ta.

Ta ce Hasiya ta rame, ba ta cin tuwon kirki, kullum zancen ƙawarta. Ta ce, "Maman Briskila, yaran nan jininsu ya haɗu, mu bar su mana." Ta faɗi sunan daidai, na lura.

Na ce ɗiyarki ta san abin da ƙawarta ta ɓoye mata? Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Wai ai sun sani tun ranar farko. Wa bai san matar mai gyaran inji tana zuwa majami'a ba? Hasiya ce ma ta ƙago sunan, ita ta ɗauko hijabin yayarta, don a bar yarinya ta sha ruwa. "Ni na ce mata wannan dabarar yara ce, ba za ta ɗore ba. Amma niyyarta mai kyau ce, wallahi."

Tana tsammanin wannan zai sanyaya mini rai. Wato da sanin uwa aka yi ta lulluɓe mini ɗiya shekara guda, ina nan ina daka ban sani ba.

Na karɓi kifin don ba a mai da kyauta. Na ce za mu duba. Ta gane ba za mu duba ba.

Briskila ce ta kawo mata ruwa. Hajara ta riƙe hannunta ta daɗe, ta ce kin ƙara tsawo.

Ƙafafun Hajara sun kumbura sosai, har silifa ta nutse a ciki, fuskar ma haka. Irin wanda na yi a cikin na biyu, wanda bai zo da rai ba. Ya zo mini a baki in ce ta je awo gobe-goben nan. Ban faɗa ba, raina a ɓace yake. Tana da miji, tana da dangi, ai suna gani.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An rufe karɓar takardun jarrabawa shekaranjiya. Filibus ya ture tuwonsa. Ya ce, "Kin ci nasara, sai ki yi guɗa."

Shekara ɗaya ce. Mutane nawa suka maimaita aji suka zama likitoci? Rai fa? Rai ana maimaita shi?

Briskila kuwa ta tashi. Ta wanke kwanuka, ta haddace ayarta.

Talata, 11 ga Fabrairu

Hajara ta rasu.

Da safe na ji a bakin mai koko. Naƙuda ta zo da jijjiga, aka nemi mota zuwa Maradi, kafin su kai ta cika. An ciro jaririn da rai, namiji.

Na dawo ban faɗa ba, na ce mu fara. Ashe ta ji ta kan katanga. Na shiga ɗaki ɗauko alli, na fito babu kowa a tabarma, ƙofar gida a buɗe. Wata uku ba ta taka waje ba sai da ni.

Na yafa mayafi na bi ta. Niyyata in kamo hannunta in dawo da ita, kuma da na faɗa mata maganar da ba za ta manta ba. Ban san gidan ba, sai da na yi tambaya. Can ƙarshen gari ne, inda ake shanya taru, warin kifi ko'ina. Maza sun dawo daga maƙabarta suna zaune a waje. Na gaishe su na shiga.

Gidan cike da mata. Na hango ta a bakin ɗaki, kanta da ɗankwalinta na gida, Hasiya ta kwanta a cinyarta kamar wadda aka zare wa ƙashi. Na tsaya a bayan rumbu, don babu hanyar ratsawa sai na tsallake ƙafafun mutane.

Aka kira azahar. Mata suka fara tashi, ana miƙa buta. Wata tsohuwa da ke riƙe da jaririn ta ce, "Ke Balkisu, tashi ki yi alwala, ki tashi ƙawarki."

Na ji ɗiyata ta ce, "Iya, ni kirista ce. Briskila nake. Kawo shi in riƙe, ku yi sallar."

A hankali ta faɗa. Da ni ce da na faɗa yadda na ƙofar gida za su ji. Wata a gefe ta yi tsaki, ta ce a ba wata dai. Wasu 'yan ajinsu biyu suka kalli juna. Tsohuwar ta dube ta, ta dube ta, sai ta ce, "To tallafe masa wuya," ta ɗora mata shi.

Shi ke nan abin da ya faru. Suka yi sallarsu. Ita tana zaune da ɗan mutane a hannu, tana girgiza shi, hawaye na ɗiga a zanen goyon.

Ba ta gan ni ba. Na fita na dawo gida. Na dafa dambu da yawa na koma da shi, na yi gaisuwa kamar yanzu na zo. Da magariba muka taho tare.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ta ce za ta koma gidan gaisuwa. Ba tambaya ta yi ba, faɗa mini ta yi. Na ce ki ɗauki kwanon jiya ki dawo da shi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Muna tsince wake, ba ma lokacin karatu ba, sai ta ce, "Mama, tun ranar da Inna Hajara ta zo nake mata addu'a. Na ga ƙafarta. Kullum sai na roƙa, safe da yamma, ban tsallake ba."

Ban san tana wata addu'a ban da wadda muke yi tare ba.

Ta ce, "Me ya sa bai ji ba? Ke kin ce yana ji. Ko don ita musulma ce? In don haka ne, ni ban yarda ba. Kuma na gaya masa ban yarda ba."

Na ce kin gaya wa wa? Ta ce, "Shi."

Ayoyi sun zo mini, sun fi biyar, duk na san inda suke. Ita ma ta san su, ni na koya mata. Na buɗe baki, sai na tuna ranar da muka binne na biyun, da matar wani dattijo ta zauna kusa da ni tana jera mini ayoyi, ni kuwa ina ji kamar in tura mata zane a baki.

Na ce ba don musulma ce ba. Wannan na sani. Sauran ban sani ba. Na ce ni ma na taɓa tambayarsa, har yau bai ba ni amsa ba, kuma ban bar shi ba.

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Ke ma?" Na ce tsince wakenki.

Zancen ƙafar. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta gani ta kai wa Allah. Ni na gani na

Ba lalle ne da na faɗa Hajara ta je awon ba. Ba lalle ne da ta je a gane ba. Bari dai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na tsaya zumuntar mata, don layina ne na shara. Fasto ya gaishe ni, na amsa. Bai tada zancen ba, ban tada ba. Bai yi daidai ba yadda ya yi mini magana ranar nan, har gobe ina nan a kan haka.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na bi ta lakwal, hanyar kasuwa ce ai. Mushe Bashir na bakin aji. Na ce na zo ne in ji inda suka kai a lissafi, kada mu yi nisa da su ko su yi nisa da mu. Ya nuna mini. Mun wuce su da darasi uku, na tabbatar ya ji wannan.

Ya ce Hasiya ta dawo ranar Litinin amma ba ta buɗe baki, tana zaune ita kaɗai a benci. Ya ce jarrabawar bana ta wuce, babu yadda zai yi, amma benci yana nan, mai son zama ya zauna ya saurara.

Na leƙa ta taga. Randar na nan a kusurwa, da moɗa ɗaya.

Na ce in ma wani abu ya faru, in, to da safe kawai, kuma yamma tawa ce, ba mai taɓa mini ita. Ya ce to, Madam. Yana wani murmushi da ban so ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ban mai da ita lakwal ba. Gwaji ne, na mako guda, kuma saboda marainiyar nan ne. Na faɗa wa Filibus haka, ya ce ai shi bai ce komai ba. Ya fita yana fito, mutumin da ya yi wata biyu bai yi fito ba.

Na cika mata gora da ruwa. Ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ta yi mata nauyi. Na ce to in an hana ki fa? Ta ce, "Sai in zo in gaya miki." Na so in raka ta, na sa takalmi ma, sai na tuna na jiƙa wanki.

Safiyar ta yi tsawo. Na share gida, na sake sharewa.

Da azahar ta faɗo gidan ƙafa duk ƙasa, tun daga zaure take magana. Wai an canja musu wurin zama, wai wani yaro ya kawo ƙadangare a aljihu ya sake shi a aji, wai Mushe ya yi kuskure a allo ita ta gyara masa, wai wata Fatima ta ƙi amsa gaisuwarta amma wata ta ba ta rabin ƙosai, wai Hasiya ta yi dariya sau ɗaya, kaɗan, wai an sa wa jaririn suna Ashiru kuma yana da gashi har a kunne, Mama me ya sa jarirai ke zuwa da gashi a kunne? Ina tsaye da ludayi ina ji har miya ta kama. Akwai abubuwan da na shirya tambaya tun safe. Na zuba mata tuwo.

Da la'asar mun zauna a rumfa kamar kullum. Ta yi mini gardama a kan aya, wai ba haka ta fahimce ta ba. Ba ta da gaskiya, na nuna mata, ba ta yarda ba. Za mu koma kai.

Gobe ma za ta je. Mako guda na ce.